Wayar da Ta Ɓace Ranar Sadakar Uku

Ranar sadakar ukun Umair, bayan an naɗe tabarmi an wanke kwanonin gumba, Alhaji Babaji ya shiga gidan don ya tara kayan gado wuri ɗaya. Shi ne ƙanin mahaifin marigayin, kuma shi ne babba a dangi yanzu. Ya sami makullin babur, ya sami agogo mai fasasshen gilashi, ya sami manyan riguna a rataye. Waya ce babu. Tun ranar da aka kawo gawar daga hanyar Dutsinma wayar tana kan taga a ɗakin uwarsa, Hajiya Zulaihat, ba caji a cikinta, kowa na ganinta, ba mai taɓawa. Alhaji ya kira lambar, aka ce a kashe take.

Kafin a yi magariba rabin unguwar Ƙofar Sauri sun gama yanke hukunci. Hannatu ce, Maman Favour, ungozomar nan mutuniyar kudancin Kaduna da ke haya a gidan Alhajin, katanga ɗaya da gidan rasuwar. Ita ce ta fi kowa shiga da fita a kwanakin makoki, kuma an gan ta ta fito da abu ƙarƙashin gyale. Shekaru tana karɓar haihuwar matan unguwar, amma a yammacin nan ba wanda ya tuna. Alhaji ya aika mata cewa in wayar ba ta fito ba, ƙarshen wata ta ba shi makullinsa. Daga nan ya aika a kira Lado.

Lado tsoho ne siriri, mai tafiya kamar yana neman allura a ƙasa. Da ƙuruciya sawun shanun sata yake bi, daga Mashi har cikin Nijar. Da daji ya fi ƙarfin mai tafiya shi kaɗai, sai ya dawo gari ya sami benci a bakin shagon wani mai gyaran waya. A zaman nan ya gane cewa ita ma waya tana da sawu: kowace da lambar da aka haife ta da ita, ko an canza layi, ko an canza riga, lambar na nan. Karatunsa bai wuce na allo ba, amma lamba in ya gan ta sau ɗaya ta zauna.

Da ya zo bayan kwana biyu, Alhaji ya miƙa masa kwalin wayar a zaure.

"Ga shi, a ɗakin marigayin aka ɗauko. Ni na san inda take, Malam Lado. Shaida kawai nake so."

"To, Alhaji. In ka sani, aikin ya zo da sauƙi." Lado ya juya kwalin, ya duba lambar da ke manne a gefe. "Amma zan gaida Hajiya tukuna."

Hajiya Zulaihat na zaune a kan darduma a ƙofar ɗakinta, carbi a hannu, ba ta ja. Lado ya durƙusa daga nesa, suka gaisa, ya yi mata gaisuwar rashi, ta amsa. Umair ɗanta ne na fari, don haka tun da ta haife shi ba ta taɓa kama sunansa ba. Ko yanzu ma ba ta kama ba.

"Yaron nan ba shi da abin duniya a cikinta," in ji ta. "Karatu ne da hotuna. Ni wayar ba ta dame ni ba, Malam. Abin da ya dame ni daban ne."

"Mi ke nan, Hajiya?"

Ta dubi wajen zaure ko Alhaji na ji.

"Ina jin shi yana kiran salla. Ka san shi ke kiran asuba da la'asar a masallacin lungun nan. To har yanzu ina jin shi, can ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya. Na faɗa wa Babaji, ya sa aka yi mani rubutu in sha."

"Kin sha?"

"Na sha. Ban daina ji ba."

A ɗaya gefen tsakar gidan akwai ɗaki mai koren labule a sake. Nan Sumayya take, matar marigayin, tana takaba da tsohon ciki, kuma ba fita sai ta sauka. Lado ya yi mata gaisuwa daga waje. Muryar da ta amsa ba ta fi ta mai zazzaɓi ba. Bai tambaye ta komai ba.

Ya iske Hannatu a ƙofar ɗakinta tana ɗaure tukwane cikin buhu. Ta aje masa kujera, ta kawo ruwa, sannan ta tsaya tana kallon ko zai sha. Ya shanye tas.

"Maman Favour, har an fara haɗa kaya? Wata bai kai rabi ba."

"Baba, jiya Favour ta dawo daga makaranta ba ta ci abinci ba. Yaran lungu sun bi ta suna ce mata 'yar ɓarauniya. Cikinsu akwai waɗanda ni na yanke musu cibi."

"An ce an gan ki da abu ƙarƙashin gyale."

"An gan ni. Wayar Sumayya ce, mai riga mai zanen fulawa. Ina da sola, su ba su da ita. In an ɗauke wuta nakan kawo in yi mata caji in mayar. Na nuna wa matan gidan tun a ranar, sun ga rigar da idonsu."

"To mi ya sa ake rufe ta da gyale? Caji ai ba abin kunya ba ne."

Hannatu ta sunkuya ta ja bakin buhun ta ƙulle.

"Rana ce. Waya ba ta son rana."

Lado ya yi shekaru yana tambayar mutane inda shanu suka bi. Ya san mai ƙarya don ya tsira, ya kuma san mai yin shiru don wani ya tsira, ba iri ɗaya suke kauda kai ba. Ya yi mata godiyar ruwa ya tafi.

Zakari mai gyaran waya, wanda Lado ke zama a bencinsa, ya karɓi kwalin yana dariya.

"Tsohon makiyayi, yau kuma wace saniyar ta ɓace?"

"Ta marayu ce. Bar wasa, karanta mani."

Zakari ya karanta lambar, ta yi daidai da yadda Lado ya riƙe ta a ka. Lado ya tambaye shi, in ɓarawo ya kawo irin wannan wayar a kulle, mi ake yi da ita.

"In mai ita ya mutu da zanen makullinsa a ka, shi ke nan. Zan jona ta da kwamfuta, kwamfutar ta ga lambarta, ta san tana nan, amma wayar ba za ta amsa ba, sai in shi da kanshi ya buɗe mata hanya tun yana raye. Abin da ya rage filashin ne. A wanke ta tas, ta koma kamar yau aka saye ta."

"Da duk abin da ke ciki?"

"Ko tari ya yi a cikinta, ya tafi."

Lado ya kai lambar ofishin 'yan sanda, wurin wani tsohon sani da ke wannan aikin, aka shigar da ƙara yadda ya kamata. Amsar da ta dawo ta ba shi mamaki. Wayar a kunne take, ana ta kira da ita, kuma ba a Ƙofar Sauri take kwana ba. A unguwar Kambarawa take, da layin wani Mati.

Mati ɗan ƙanwar Hajiya ne, ɗan acaɓa, mutumin da in aka rasa cokali a gidan biki shi ake fara dubawa. Lado ya same shi a tashar babura yana cin rake. Da ya ji abin da ya kawo tsohon, sai raken ya tsaya masa.

"Baba Lado, wallahi ba sata na yi ba. Yaya Umair ne ya ba ni da hannunshi."

"Kowa na kama haka yake cewa, kuma kullum wanda ya ba shi ya mutu. Kawo ta."

Wayar tsirara take, ba riga. Lado ya danna tauraro, da alamar nan mai kama da gidan dara, da sifili, da shida, ya sake gidan dara. Lambar ta fito a fuskar wayar. Ya dube ta, ya dubi kwalin. Ko ɗigo bai bambanta ba.

"To ga ka ga kwali. Mi za ka ce?"

"Gilashinta ne ya tsage, ya ce in kai gyara Ƙofar Ƙwaya. Na kai, na karɓo, kafin in mayar aka bugo aka ce ya yi hatsari. Ba wanda ya tambaye ni, tawa kuma ta faɗa kwata. Sai na ce bari in ɗan riƙe kafin a natsu."

"Kana ji ana neman wayar marigayi, ana korar mata da ɗiyarta, ka yi shiru?"

"Ai ba tashi ba ce! Ta Anti Sumayya ce. Duba ka gani."

Lado ya duba. Ba makulli a kanta. Hotunan ɗinkin atamfa ne, da zanen lalle, da kayan jarirai iri-iri. Mati ya ce iri ɗaya Umair ya sayo guda biyu lokacin bikinsu, tashi da tata, launi ɗaya, rana ɗaya. Da zai ba shi gyaran ma sai da ya cire rigar fulawar ya bar ta gida.

Lado ya zauna a kan dakali. Ya ga inda sawun ya karkace. Ango ya buɗe kwali biyu a kan gado ɗaya, ya miƙa wa amarya waya, kowa ya ɗauki kwalin da ke kusa da hannunsa, ba wanda ya duba lamba. Kwalin ɗakin Umair na wayar matarsa ne. To in wayar Sumayya tana Kambarawa tun kafin rasuwar, wace ce ke sanye da rigar fulawa, ana kai ta caji a ɓoye?

Ya tuna da muryar da ke fitowa kamar daga rijiya. Ya daɗe a kan dakalin. A da in ya gano garke daɗi yake ji. Wannan karon ji ya yi kamar ya mayar da kwalin ya ce sawu ya ɓace masa. Amma akwai buhun tukwane a ƙulle, akwai yarinyar da ta ƙi cin abinci.

"Tashi ka kai ni," ya ce wa Mati. "Kuma ka tafi a hankali, ni ba buhun masara ba ne."

Ya sa aka tara su a tsakar gidan, rana ta fara karkata, la'asar ta kusa. Alhaji a kan kujera, Hajiya a kan dardumarta, Mati a rakuɓe jikin randa, Hannatu a tsaye kusa da zaure kamar baƙuwa. Liman da wasu dattawan lungu biyu suna daga bakin ƙofa. Koren labulen na nan a sake.

Lado ya aje kwalin da wayar a kan tabarma. Ya nuna musu lambar ta yi daidai.

"Mati!" in ji Alhaji. "Ashe kai ne, ɗan banza."

"Mati ya riƙe abin da ba nashi ba, wannan gaskiya ne, kuma zai ji da ku. Amma wagga ba wayar marigayi ba ce, Alhaji. Kwalin ne aka musanya tun ranar da aka saye su. Wagga ta mai ɗakinshi ce."

"Ta Sumayya tana hannunta. Kowa ya gan ta."

"Kowa ya ga riga," in ji Lado.

Lado bai dubi labulen ba, ƙasa yake kallo.

"Akwai ɗayan kwalin a gidan nan. Akwai lamba a jikinshi, akwai kuma irinta a jikin ɗan abin da ake zarowa a ɗora layi. Ko wayar a kulle take, da tsinken ɗan kunne za a zaro a gwada. Ni ba na son a kai ga haka. Na fi son mai maganar ya yi maganarshi."

Hannatu ta matso gaba.

"Baba, ba sai an gwada komai ba. Alhaji, ka ce in tashi, zan tashi. A bar maganar a kaina. Yarinyar nan jininta ya hau, ni na auna ta, bai kamata a tayar mata da hankali ba."

"Wato kin amsa ke nan," in ji Alhaji.

"Na ce a bar ta a kaina."

A nan ne aka ji shi. Da farko can ƙasa-ƙasa, yadda Hajiya ta faɗa, kamar ana kiran salla a wata unguwa mai nisa. Sai aka ji motsi a bayan labule, an ɗaga wani abu mai nauyi an aje gefe, muryar ta fito sarai ta cika tsakar gidan. Muryar Umair ce, da 'yar shaƙewar nan tasa a kabbara ta biyu, wadda duk lungun suka sani. A bayanta har ana jin kukan zakaran maƙwabta na ranar da ya ɗauka.

Liman ya sunkuyar da kai yana amsawa a hankali. Mati ya juya ya fuskanci bango. Ba wanda ya motsa har aka kai ƙarshe.

Carbin Hajiya ya zame daga hannunta.

"Umair," ta ce, ba da ƙarfi ba. Shi ne karon farko da wani mai rai ya ji sunan a bakinta.

Hannu ya fito ta ƙarƙashin labule ya tura wayar waje, cikin rigarta ta fulawa. Sumayya ta yi magana daga ciki, tana tsayawa tana ci gaba.

"Baba Alhaji, ni na ɗauka. Na ji ka ce za a kai ta kasuwa a wanke a yi mata kuɗi a sa cikin gado. Shi marigayin ya ɗauki kiran sallarshi ya sa ta riƙa tashe shi da shi. Ban san zanen makullin ba, ba na iya buɗewa, ba na iya turawa ko'ina. Sai lokacin ya yi take yi da kanta. Na cire layin, na sa mata rigar tawa, nake danne ta da filo. Ya ce in na haihu shi zai yi wa abin da na haifa kiran salla a kunne, ba zai bar wa kowa ba. So nake in kai ta har ranar. Maman Favour ta gwada ɗauka da tata, amma ta ƙarƙashin filo ba ta ɗaukuwa. Na roƙe ta kar ta faɗa. Ban san abin zai kai ga ɗiyarta ba. Da na sani kuma na kasa buɗe baki."

Alhaji ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar. Ba mugun mutum ba ne. Mutum ne mai tsoron haƙƙin marayu har ya manta akwai wasu masu haƙƙin.

"Kayan gado ne dai," ya ce, amma muryar ba ta da ƙarfin ɗazu.

"Ai ba a rabo sai ta sauka, Alhaji," in ji Liman. "Mai babban rabon ma bai iso ba."

"In an zo rabon a sa ta cikin nawa," in ji Hajiya. "Na ba abin da za ta haifa. Kuma daga yau kar a sake danne mani shi da filo. Kun sa na sha rubutu a banza."

Lado ya ɗauki wayar da aka karɓo daga Mati ya aje kusa da ɗayar. Ya ce gobe da asuba a kunna ta ta ɗauki muryar a fili, a kuma tura wa mutum biyu ko uku, don batiri ba ya yi wa kowa alkawari. Daga masallacin lungu sabon ladan ya fara kiran la'asar. Maza suka miƙe.

Alhaji ya tsaya a bakin zaure, bai dubi Hannatu sosai ba.

"Maman Favour, a yi haƙuri. Ki kwance kayanki. Zan faɗa a masallaci."

"Na gode, Alhaji. Ka faɗa, saboda Favour." Ta gyara gyalenta. "Zan zauna har Sumayya ta sauka, na yi mata alkawari ni zan karɓa. In an yi suna zan kawo maka makullin."

"Ai magana ta wuce."

"Ta wuce a nan gidan. Ni na ji bakin da kowa ya faɗe ta da shi."

Alhaji ya wuce masallaci.

Da aka idar da salla Lado ya fito yana neman takalmansa. Wuta ba ta dawo ba tun safe. Ya hangi Hannatu ta fito daga gidan rasuwar za ta kai caji, wayar mai rigar fulawa a tafin hannunta, a fili, gyalen a kafaɗa. Matan da ke ƙofar gidajensu suka shiga gyaran tsintsiya da kiran yara. Ɗaya ta ce, "Sannu, Maman Favour." Ta amsa, ba ta tsaya ba.

Ta buɗe ƙofarta. Buhun tukwanen na nan inda ta ƙulle shi. Ta tsallake shi ta shiga.